Kalangun Babana a Cikin Gilashi

Tun a filin jirginsu na fara jin haushin waccan ƙasa, kuma har yau ban huce ba. Sunanta ma na daina furtawa. In an tambaye ni inda na je, sai in ce can gabas. Duk wanda ya taɓa juya tocila ko bokitin roba a kasuwar Kakuri ta Kaduna ya duba inda aka ƙera shi, ya san inda nake nufi.

Sunana Haruna, makaɗin kalangu ne ni, ɗan makaɗi, jikan makaɗi. Babana, wanda kowa ke kira Baba Mamman, shi ya yi wa mahautan Kakuri kiɗa tun zamanin da masaƙu ke aiki ba dare ba rana, ma'aikata na fitowa suna yi wa masu tsire dafifi. Lokacin da na yi wannan tafiya soja bai daɗe da komawa bariki ba. Farar hula sun hau, kowane babba na neman dalilin shiga jirgi. Sai ga gayyata daga waccan ƙasa, wai a turo musu tawagar al'adu a ƙulla zumunci, in zumunci ya ƙullu su kuma za su zo su tayar da masaƙunmu da suka fara durƙushewa. Haka aka faɗa mana, mu kuwa muka yarda.

Kalangun da ke rataye a kafaɗata ranar da muka sauka ba nawa ba ne. Na Baba ne, shi ma wajen mahaifinsa ya gaje shi. Fata da tsarkiya an sha canja su, amma kangon, wato icen, shi ne dai tun na kakanmu, ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumin hammata. Hannun Baba ya fara rawa, ya daina fita kiɗa, amma kullum da safe sai ya sauko da shi ya shafa, ya ɗan taɓa. Da ya ji gaban manyan wata ƙasa za ni, ya ce ba zan je da nawa ba, yaro ne, bai yi murya ba tukuna. Ya miƙo mini nasa ya ce, "Aro ne. Ka dawo mini da shi."

A filin jirgin wani ma'aikaci mai safar hannu ya ɗaga kalangun nan da yatsa biyu, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ture shi gefe wajen kayan da za a ƙona. Wai fatar dabba ce, tana ɗauko cuta. Na riƙe maratayin, shi ma ya riƙe, ina masifa da Hausa yana masifa da yarensu. Sai na ji an ce a bayana, "Gafara dai, Malam, kada ranka ya ɓaci." Na waiga ina neman 'yar garinmu, na ga wata 'yar siririyar mata ce 'yar ƙasar, da tabarau. Ta ce sunanta na Hausa Dije, malaminta na jami'a ne ya raɗa mata, kuma ita ce tafintarmu. Hausarta ta littafi ce tsantsa, irin wadda ko tsofaffinmu sun daina yi. Ta yi wa ma'aikacin magana, ya saki. Na yi ta godiya, ban san ita ce kuma aka ɗora ta riƙa ƙirga mu safe da yamma ba.

Shugaban tawagarmu wani ma'aikacin gwamnati ne mazaunin unguwar Barnawa, mai tumbi da ƙaton agogo, wanda ban taɓa gani a filin wasa ba. Oga Darakta muke ce masa. Kafin mu shiga mota ya bi mu ɗaya-ɗaya ya karɓe fasfo, wai don kada wani ya ga hasken fitilu ya sulale.

Zangonmu na farko babban birninsu ne. Gari ne da ba ka ganin ƙarshensa, amma mu ta tagar mota kawai muka san shi. Ba a barinmu mu taka titi sai da rakiya. Da safe a kwashe mu a kai mu wata gada ko wata makaranta, yara su jeru suna kaɗa 'yan tutoci, a ɗauke mu hoto, a maido mu mota. In kuwa muka tsaya a wuri, nan da nan an yi mana ca. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta murza da yatsa, ta duba yatsan ta ga ko baƙin ya fita. Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya, Dije ta ce wai ƙauna ce. Na ce mata mu a garinmu akuya ake yi wa haka in za a saya.

Ɗakinmu ɗaya da Istifanus, ɗan rawa, mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a unguwar Nasarawa. Ya yi shekaru a sashen buga atamfa kafin masaƙarsu ta sallame su. Tun bayan rikicin da ya raba garinmu biyu, ni da irin su Istifanus gaisuwar nesa ce kawai tsakaninmu, kuma a kwanakin farko kowannenmu da jakarsa yake matashin kai. Abinci ne ya haɗa mu. Teburinsu kwanuka ne rututu, kowanne da abin da ba ka san kansa ba balle gindinsa, ni kuwa tsoron alade ya sa farar shinkafa kawai nake ci, har wandona ya fara zamewa. Rannan na kai hannu ga wani nama don yunwa, Istifanus ya doke mini hannu.

"Malam, ajiye. Wannan ɗan gidanmu ne, ba naka ba."

Daga ranar shi ke fara ɗanɗana kowane kwano. Ya tauna, ya kalli sama, sannan ya yanke hukunci. "Wannan kifi ne, kwashi. Wannan kaza ce, amma da giya aka dafa, ja baya. Wannan kuwa ko ni ban san shi ba, mu bar wa Oga."

Ana saura kaɗan babban taro, wani jami'insu ya zo kallon gwajinmu. Ya daɗe yana kallon babbar rigata da hulata, sannan ya yi magana. Dije ta ce, "Shugaba yana cewa wannan sutura ta yi kama da ta Larabawa. Jama'armu Afirka suke ɗokin gani." Sai aka shigo da kwali cike da bantunan ciyawar roba da gashin tsuntsu mai launi. Istifanus ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan na wace ƙasa ne? Ko kakana da ya mutu bai sa irin wannan ba." Oga Darakta ya zare masa ido. "Ku sa kawai, abeg. Kada ku ɓata mana aiki a kan tsumma." 'Yan rawa suka sa, suna ƙunƙuni. Ni na ce sai dai a mayar da ni gida a ƙasa, amma ba zan tsaya tsirara da kalangun Baba a hammata ba. Aka ƙyale ni da rigata, da sharaɗin in tsaya can baya inda kyamara ba ta kaiwa.

A mota Dije ta zauna kusa da ni tana lallashi. Ta ce, "Malam Haruna, Turawa da bindiga suka je muku. Mu da abota muke zuwa, domin mu ma mun sha wuya irin taku." Na yarda ta yarda da abin da take faɗa. Amma ni a ganina abokin da ke zaɓa maka wandon da za ka sa, ya riƙe ƙofa, ya ƙirga ka kafin ka kwanta, ko me ya kira kansa, maigida ne.

Taron na buɗe wani sabon gini ne da suka kira Gidan Zumunci. Kowace ƙasa da suke zawarci an ware mata ɗaki, za a zuba kayan al'adunta. Tawagogi sun zo daga ƙasashe da dama, wasu baƙaƙe irinmu, wasu jajaye, kowa ya yi nasa a gurguje ana tafi irin na dole. Da aka zo kanmu na tsaya a baya kamar yadda aka ce. Amma kalangun Baba ba a ɓoye shi. Ina matsa tsarkiya ya buɗe murya, sai na ga kawunan manyan da ke gyangyaɗi sun ɗago. Na saki kiɗan hawan ƙaho, wanda ake yi wa mahauta in za su tari bijimi. 'Yan rawa suka manta da bantunan roba suka taka da gaske. Babban baƙon, wani mataimakin minista mai furfura, ya taso daga kujerarsa, ya sauko, ya ratsa 'yan rawa ya tsaya a gabana yana gyaɗa kai.

To, a gidanmu ga yadda ake yi. In makaɗi ya gama yi wa babban mutum kiɗa, yakan durƙusa, ya sauke kalangun daga kafaɗa, ya miƙa shi a kwance bisa hannu biyu. Shi kuwa babban sai ya ɗora abin da ya sawwaƙa a kai, in ba ya da komai ya dafa shi ya sa albarka. Haka na ga Baba na yi a gaban Sarkin Pawa tun ina ƙarami, haka ni ma nake yi, jikina ya saba ko ban yi tunani ba. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na miƙa.

Na ji nauyin ya bar hannuna. Na ɗago na ga mutumin nan ya karɓe kalangun da hannu biyu, ya rusuna mini, ya juya ya ɗaga shi sama. Zauren ya ɗauki tafi kamar ruwan sama a kan kwano, hasken kyamarori ya kashe mini ido. Na miƙe zan bi shi, Oga Darakta ya rungume ni ta baya kamar mai murna, yana ce mini a kunne, "In ka motsa sai na ɗaure ka." Ina kallo wata mata mai farar safar hannu ta karɓi kalangun ta shige da shi wata ƙofa.

Da muka koma masauki na same shi a ɗakinsa, ya cire hula yana shan shayi, bakinsa har kunne.

"Oga, a karɓo mini kayana."

"Wane kaya? Haruna, ka san abin da ka yi yau? Kai ka fitar da mu kunya. Sauran ƙasashe tabarma da ƙwarya suka kawo. Gobe za a sa hannu a kan maganar masaƙu, kai kana zancen icce da fatar akuya."

"Ba kyauta na ba shi ba. Ba ma nawa ba ne, na mahaifina ne."

"Gwamnati za ta saya maka goma."

"Ba a sayar da irinsa."

Ya ajiye kofi ya sha toka. "To wa ya aike ka durƙusa? Fita mini. In na ƙara jin maganar nan, fasfonka sai dai ka gan shi a mafarki."

Washegari hotona ne a fuskar jaridunsu, ina durƙushe, kaina a ƙasa, hannuwana a sama. Dije ta karanta mini abin da aka rubuta: wani talakan Afirka, don tsananin ƙaunar ƙasarsu, ya sadaukar da gadon gidansu. Na ce ta je ta gaya musu gaskiya. Ta ce a wajensu duk abin da aka miƙa da hannu biyu a durƙushe, babu kyautar da ta fi shi girma, kuma abin da babba ya karɓa a gaban jama'a ba ya komawa. In ya mayar an zubar masa da mutunci, wanda ya nema kuwa ya zagi ƙasa.

Na ce, "Ke da kika karanta Hausa har jami'a, ba a koya miki yadda makaɗi ke neman kyauta ba?"

Ta ce, "Ba ya cikin littafinmu, Malam."

Daga nan aka loda mu a jirgin ƙasa zuwa wani gari a arewacinsu. Sanyin wurin ba ya jin riga. Ruwan alwala in ya taɓa ka sai ka ji kamar an yanke ka da reza. Makaɗi ba kalangu, sai aka ba ni wata 'yar kacau-kacau ina girgizawa a bayan 'yan rawa, ni da mahauta ke tsayar da wuƙa su saurara. Hammatata ta hagu ta riƙa matsawa da kanta a kan iska. Ba na jin yunwa, ba na son magana. In na rufe ido kwatar Kakuri nake gani da sassafe, tururi na tashi daga nama, ga Baba a kan tabarmarsa yana kallon ƙusar da yake rataye kalangun, babu komai a jikinta. Na yi kuka a garin nan, ba sau ɗaya ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A can ne Dije ta zo da rikoda. Ashe suna da gidan rediyo mai watsa shiri da Hausa, ana ji har Kaduna, suna so in faɗi abin da ya sa na yi kyautar. Na ce madalla, ga dama ta samu. Na gaida masu sauraro, na gode wa waɗanda suka ba mu masauki don ba a raina abinci, sannan na zayyana komai tiryan-tiryan, na ce aro ne, a taimaka a maido mini. Da aka sa shirin ta kawo mini in ji. Gaisuwata na nan, godiyata na nan, daga nan sai muryar wani ta ɗora da cewa Malam Haruna ya ce zumunci ya fi gado. Na tuna Baba ba ya rabuwa da rediyo. Na ɗaga akwatin rediyon zan maka shi da ƙasa, Istifanus ya riƙe ni. Dije ta tsaya tana kallon takalminta, ta ce ba ita ke yanka faifai ba.

Zango na gaba wani gari ne a bakin teku, duk hayaƙi da manyan motoci. Nan aka kai mu wata masaƙa mu ga ci gaba. Muna shiga Istifanus ya tsaya cak. Atamfa ce ke zubowa daga injin kamar ruwa, irin zanen da matanmu ke ɗaurawa, launin da suke so, ba ko mace ɗaya a ƙasar da ke sa irinta. Ya kama gefen wata ya murza, ya shinshina, ya daɗe bai saki ba.

"Malam," ya ce da ni a hankali, "waɗannan ne za su tayar mana da masaƙa? Su tayar da ita su sayar wa wa nasu? Wallahi an kawo mu rawa ne a bikin wanda ya karɓe mana aiki."

A wannan masaƙa, bayan an ci an sha, wani jami'i ya miƙe ya ce sun ji labarin ina kewar kayan kiɗana, don haka ƙasarsu ta yi mini tukuici. Aka buɗe wani akwati mai jan ƙyalle. Kalangu ne, sak na Baba. Sun auna shi, sun kwaikwayi baƙin, har da ɗan tabon da ke gefe inda wuƙar wani mahauci ta taɓa sara. Na ɗauka na ji ba nauyi. Kangon roba ne, tsarkiyar igiyar leda, fatar ma ban san ko ta mece ce ba. Na sa gula na buga, ya yi ƙara irin ta bokitin da ba ruwa. Suka yi tafi. Oga Darakta ya ce, "Ka gani? Sabo fil, ya ma fi naka tsabta." Jami'in ya ƙara da cewa za su ƙera da yawa, a riƙa sayar wa masu ziyartar Gidan Zumunci. Da wannan abin na yi sauran wasannin, kuma babu wanda ya lura da bambanci a cikinsu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Istifanus ne ya kawo shawarar. Muna hanyar komawa babban birni ya ƙura wa na robar ido ya ce, "Tunda su ba su san bambanci ba, me zai hana su riƙe nasu mu riƙe namu?" Ya ce in roƙi Dije ta kai ni in yi bankwana da kalangun, in tafi da na robar a kafaɗa kamar kullum, shi zai san yadda zai ɗauke musu hankali. Na roƙe ta. Ta kalle ni, ta kalli abin da ke kafaɗata, ta ce za ta nemi izini. Ban sani ba ko ta nema, amma ranar da za mu tashi, da hantsi, ta zo ta ce mu biyo ta.

Ɗakin Nijeriya na can ƙarshen bene, babu kowa sai wani tsoho mai gadi da ke zaune da kwalbar ruwan zafi a hannu. Ga kalangun a tsakiya cikin akwatin gilashi, an haska masa fitila, ga hotona a durƙushe an kafa a bango. Ina matsawa na ga abin da suka yi. Sun ɗaure tsarkiyar tamau don ya yi kyan gani, ga zafin fitila, ga na'urar ɗumama ɗaki. Fatar ta bushe ta yi fari, gefe ɗaya ya fara tsagewa. Na dafa gilashin na ce da Dije ta gaya wa tsohon za su kashe shi, a bar ni ko sassauta shi in yi.

Ta faɗa masa. Tsohon ya taso yana jan ƙafa, ya duba fatar, ya dube ni, ya dubi hoton bango, ya sake dubana. Ya leƙa waje. Sannan ya zaro makulli daga ƙugunsa ya buɗe, ya ɗauko kalangun ya sa mini a hannu. Ya tsiyaya ruwan zafinsa a murfi ya miƙo mini, ya nuna fatar, wato in ɗan jiƙa ta. Yatsunsa duk sun faffashe da sanyi. Daga nan ya koma bakin taga ya juya mana baya.

Na warware ɗaurin, na shafa ruwan, na sa shi a hammata. Ya zauna daram a wurinsa. Istifanus ya zare na robar daga kafaɗata ya riƙe shi a shirye a bakin akwatin, yana raɗa, "Yanzu, Malam. Yanzu!"

Dije ba ta yi ihu ba, ba ta tare ƙofa ba. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam Haruna, ba zan hana ka ba. Amma masu duba kayan gidan suna zuwa duk wata. Ranar da suka gane, wannan tsoho za a fara tambaya, domin shi ke da makulli. Ba shi da kowa, a ɗakin gadi yake kwana. Bayansa sai ni."

Kada wani ya ɗauka ni mutumin kirki ne. Da Oga Darakta ne zai shiga uku, ko mai furfurar nan, wallahi ko waiwaye ba zan yi ba. Amma ni ɗan Kakuri ne, na san yadda dattijo ke komawa in an kore shi daga aiki, na ga su da yawa zaune a bakin ƙofar masaƙa ba su san inda za su ba. A duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ya ba ni abu ba don kyamara ba, kuma shi ne zan bar wa wuta. Na tsaya har hannun Istifanus ya gaji. Sannan na ɗauki gula na kaɗa taken Baba, a hankali, sau ɗaya. Tsohon bai juyo ba, amma na ga ya ajiye kwalbarsa. Na mayar da kalangun cikin akwati da hannuna, tsarkiya a sake. Istifanus ya zage ni da yarensu, ya zage ni da Hausa, sannan ya kama hannuna muka sauka.

Labari ya riga ni isa Kakuri. Na tarar da Baba a zaure a kan tabarmarsa, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ya miƙo hannu, na ba shi na robar don ba ni da abin ba shi. Ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ajiye shi can gefe wajen takalma. Na fara bayani, ya bar ni na kai ƙarshe bai katse ni ba.

"Shi wanda ya karɓa," in ji shi, "ya iya kiɗa?"

"A'a, Baba."

"To wa ke kaɗa shi a can?"

Na ce an sa shi a gida mai kyau, cikin gilashi, da fitila a kansa, da mai gadi, mutane na zuwa daga nesa su gani. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita kamar ta Oga Darakta.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Akwai mai taɓa shi?"

"Babu, Baba. An hana."

Na so ya zage ni, ko ya ɗauki takalmi ya jefe ni, da na fi samun sauƙi. Sai ya ɗaga murya ya kira matata daga cikin gida. Ya ce ta fito da manyan tabarmi a shimfiɗa a ƙofar gida, a ɗebo ruwan sha, a aika kwata a gaya wa Sarkin Pawa.

Na ce, "Baba, me za a yi?"

Ya ce, "Abin da ake yi in an binne babba."

Kafin la'asar mahauta suka rufe tebura suka zo, wasu da jini a riga. Suka cire takalma, suka zazzauna, aka shafa fatiha. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa matsowa gaban Baba suna cewa, "Ya haƙuri?" yana cewa, "Da godiya." Istifanus ya zo daga Nasarawa ya zauna a ƙarshen tabarma, hularsa a hannu. Da suka gama da Baba sai suka juyo kaina, ni da na mayar da shi cikin akwatin da hannuna, suka ce mini ya haƙuri, ni ma na amsa.